Yadda na sake shiga zauren kakana ta cikin burauza

A shekarar 2004, lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a, na shafe wata huɗu ina ginin zaure ba tare da na taɓa ƙasa ko ruwa ba. Zauren kakana ne, wanda a cikinsa na fara riƙe allo, kuma a bakinsa ake shimfiɗa wa baƙi tabarma da yamma. Na je gida hutu, na aro tef ɗin awo wurin wani tela maƙwabcinmu, na auna tsawonsa da faɗinsa da kaurin bangonsa, na ƙirga azarar rufin, na zana bakan da ke ɗauke da ita da zankwayen da ke kansa. Da na koma makaranta sai na zauna ina mayar da awon nan lambobi a cikin wani harshen kwamfuta da ake kira VRML. Shi ne aikina na kammala digiri. Burina a lokacin guda ɗaya ne: duk mai intanet, ko a ina yake, ya buɗe shafi ya tsinci kansa a ƙofar zauren, ya shiga, ya ɗaga kai ya kalli rufi.

Ranar da na tashi gwada wannan buri sai na nufi wani shagon intanet na sayi tikitin awa ɗaya. Shafin ya buɗe, amma inda ya kamata zauren ya fito sai ga wani akwati fari fat, da saƙon cewa sai an ɗora wata ƙarin manhaja kafin burauza ta iya nuna shi. Na shiga sauke ta. Intanet ɗin wancan zamani kuwa tafiyar hawainiya yake yi. Ana saura kaɗan ta gama, sai yaron shagon ya leƙo ta bayana ya ce, "Malam, ai ba a ɗora komai a na'urorinmu, Oga ya hana." Kafin mu gama ja-in-ja awata ta cika. Ranar kare aikin a kan acaɓa na ɗauko kwamfutata, ina rungume da ita kamar jinjiri, wani abokina na biye da sauran kayan. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a don ya jarraba mu ya zagaya zauren da linzamin kwamfuta, ya yaba, sannan ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "To, ɗana, wa zai ga wannan zaure in ba wanda ya biyo ka ɗakinka ba?"

Ban da amsa a ranar. Yau, bayan shekara ashirin da ɗoriya, ni ne nake tsayawa a gaban ɗalibai, kuma amsar tambayar tana cikin aljihun kowannensu. A shekarun da aka yi ta buga gangar tabarau na musamman da duniyoyin kwaikwayo na manyan kamfanoni, wani abu da ya fi su muhimmanci ya faru ba tare da an ji amonsa ba: burauza, wato manhajar nan da muke shiga intanet da ita irin su Chrome da Firefox da Safari, ta koyi zana abu mai jiki da kanta, ba tare da an ɗora mata komai ba.

Bari in fayyace abin da nake nufi da zane mai jiki. Hoto na yau da kullum tsawo da faɗi kawai gare shi, ba ka da ikon leƙa bayan abin da aka ɗauka. Bidiyo yana motsi, amma mai kyamara ne ke jan ka, inda ya ga dama nan za ka kalla. Zane mai jiki, wanda masana ke kira 3D, yana da tsawo da faɗi da zurfi, kuma linzamin yana hannunka. Kai ne za ka juya abin, ka matsa kusa, ka zagaya bayansa, ka shige cikinsa in yana da ciki. Idan aka haɗa irin waɗannan zane-zane da yawa, gida da titi da bishiya da kasuwa, har mutum ya iya yawo a tsakaninsu, to an samu abin da ake kira duniyar kwaikwayo.

Tunanin sanya irin wannan duniya a shafin intanet kusan sa'an yanar gizo ne. A taron farko na duniya kan yanar gizo, wanda aka yi a birnin Geneva a watan Mayun 1994, aka fara tattauna VRML, kuma Mark Pesce da Tony Parisi ne suka ja ragamarsa. Zuwa 1997 hukumar tsara ma'aunai ta duniya ta amince da shi. Duk da haka bai yi nisa ba, saboda dalilan da na gani da idona a shagon nan: layin intanet siriri ne, kwamfutoci ba su da ƙarfin zane, kuma kafin ka ga komai sai ka ɗora ƙarin manhaja. Daga nan kowane kamfani ya kama gabansa. Second Life ta fito a 2003 da manhajarta ta kanta, mutane suka sayi filaye a cikinta da kuɗi na gaske, har ƙasashen Maldives da Sweden suka buɗe ofisoshin jakadanci a can a 2007. Google ya fito da tasa mai suna Lively a watan Yulin 2008, ya rufe ta kafin shekarar ta fita. Flash da Unity kowa da tasa ƙarin manhajar. Abin ya zama tamkar kasuwar hatsi da kowane ɗan kasuwa ya zo da mudunsa, kuma ya ce sai ka sayi mudun kafin ya auna maka.

Wanda ya fara lalubo mafita wani injiniya ne na Mozilla mai suna Vladimir Vukićević, wanda tun 2006 ya fara gwada yadda shafin intanet zai yi magana kai tsaye da na'urar zane ta kwamfuta. Wata ƙungiyar kamfanoni da ake kira Khronos ta karɓi aikin, Mozilla da Google da Apple da Opera suka zauna teburi ɗaya, a watan Maris na 2011 aka fitar da ƙa'idar da ake kira WebGL. Ba kowa ya yi na'am nan take ba. A shekarar Microsoft ya fito fili ya ce abin yana da haɗari ga tsaron kwamfuta, sai a 2013 ya shigo sahu. Apple ya buɗe wa wayoyinsa ƙofar a 2014. Da aka kai ƙarshen 2020 Flash ya kwanta dama. An dai koma mudu ɗaya, kuma ba na kowa ba ne shi kaɗai.

Yana da kyau mai karatu ya san abin da ke gudana a cikin wayarsa idan ya buɗe irin wannan shafi, domin a nan ne hikimar take, a nan ne kuma tsadar take. Duk wani abu mai jiki da ka gani a kwamfuta, ko tulu ne ko fuskar mutum ko masallaci, an gina shi ne da alwatika, wato siffa mai kusurwa uku. Dalili kuwa, duk inda ka ɗora ɗigo uku, shimfiɗa ɗaya za su ba ka, kamar yadda tukunya ke zama daram a kan murhu mai duwatsu uku ko da ƙasa ba ta daidaita ba. Kowace kusurwa lambobi uku ke faɗin inda take: nisanta ta gefe, ta sama, da ta ciki. Bango miƙaƙƙe alwatika biyu sun ishe shi. Tulu mai zagaye yana son ɗaruruwa ko dubbai kafin ya daina kama da abin da aka sassaƙa da gatari. Wannan shi ne ƙashin ginin, kamar azara kafin yaɓe. Yaɓen kuma hoto ne na yau da kullum da ake lulluɓa wa alwatikan, shi ke ba su launi da tsaga da tabo. Sannan a ce ga inda haske ke fitowa, ga kuma inda idon mai kallo yake tsaye.

Abin da shafin ke aiko maka ke nan: jerin lambobi, da hotunan yaɓe, da umarnin yadda haske zai sauka. Ba hoton da aka gama yake aikowa ba. Wayarka ce ke yin zanen. Duk lokacin da ka motsa yatsa, sai ta sake lissafin inda kowace kusurwa ta koma, wace alwatika ta rufe wata, da launin da ya dace da kowane ɗigo na fuskar wayar. Waya mai matsakaicin kyau tana da ɗigo sama da miliyan biyu a fuskarta, kuma don motsi ya tafi sumul ana so a sake zanen sau 60 a daƙiƙa ɗaya. Ƙwaƙwalwar waya ta asali, wadda ke ɗaukar ayyuka bi da bi, ba za ta iya wannan ba. Shi ya sa akwai wata na'urar zane a gefenta, wadda ke aiki irin na gayya: a raba gona kunya-kunya, kowa ya kama tasa, a tashi lokaci ɗaya. Wannan na'ura ta daɗe a cikin wayoyi saboda wasanni. Abin da WebGL ya yi shi ne ya ba shafin intanet izinin kiran gayyar.

Rubuta umarni kai tsaye da WebGL aiki ne mai cin rai. Kafin ka zana alwatika ɗaya sai ka cika shafi. Wani ɗan ƙasar Sifen mai suna Ricardo Cabello ya sauƙaƙa lamarin da tarin umarnin da ya fitar kyauta a 2010 mai suna Three.js, wanda har yau shi ne abin da akasarin masu koyo ke farawa da shi. Sai kuma aka samu matsaya kan yadda za a adana zanen kansa: tsarin fayil mai suna glTF, wanda Khronos ta fitar a 2015, ta inganta a 2017, ya kuma samu amincewar hukumar ma'aunai ta duniya a 2022. Kamar yadda kowace waya ke buɗe hoto ba tare da tambayar wace kyamara ta ɗauke shi ba, haka ake so zane mai jiki ya zama.

Amfanin wannan na fi ganinsa a aji. Ɗakin kwamfutocinmu, kamar na wurare da yawa, yana da kwamfutocin da suka girmi wasu ɗaliban a harkar karatu, kuma ba kullum ake samun wuta ba. Wata rana da aka ɗauke wuta ana tsakiyar darasi, sai na tura adireshi ɗaya zuwa zauren WhatsApp na ajin. Zanen dutsen Rosetta ne, wanda Gidan Tarihi na Birtaniya ya ɗora a dandalin Sketchfab a 2017. Dutsen nan shi ne mabuɗin da aka karanta rubutun Fir'aunoni da shi, domin saƙo ɗaya ne aka sassaƙa a kansa da rubutu iri uku. Cikin 'yan mintoci sai ga aji duka kowa ya sunkuyar da kai yana murza dutse da yatsa. Wata ɗaliba ta juya shi ta ga bayansa, wanda ba a goge ba kuma littattafai ba sa nunawa, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, dutsen Masar me ya kai shi Landan?" Na gaya mata cewa amsar tana jikin dutsen, domin a gefensa an rubuta da fenti cewa sojojin Birtaniya ne suka kama shi a Masar a 1801. Darasin alwatika ya koma darasin tarihi, ban kuma yi nadama ba. Babu wanda ya ɗora wata manhaja, babu wanda ya nemi izinin Oga. Ta wannan hanya mutum zai iya leƙa cikin kumbon Apollo 11 da cibiyar Smithsonian ta Amurka ta auna, ɗalibin likitanci ya juya zuciya ya ga inda jijiyoyi suka shiga, kuma tun 2017 ake buɗe Google Earth a cikin burauza.

Wannan ne ya sa ban ruɗu ba a watan Oktoban 2021, lokacin da kamfanin Facebook ya sauya suna zuwa Meta, ya ce makomar intanet ita ce duniyar kwaikwayo da ake shiga da tabarau. Ita kanta kalmar "metaverse" daga littafin ƙagaggen labari aka aro ta, Snow Crash na Neal Stephenson wanda ya fito a 1992. Sashen kamfanin da ke wannan aiki ya yi asarar dala biliyan 13.7 a 2022, da biliyan 16.1 a 2023. Ba na raina tabarau. Wajen horar da matuƙin jirgi ko likitan fiɗa yana da ranarsa. Amma na'urar da kuɗinta ya kai ɗaruruwan daloli, wadda kuma mutum ɗaya kaɗai ke iya sa wa a fuska, ta dawo da mu ga tambayar da aka yi mini a 2004. Wa zai gani? Adireshi kuwa ana tura shi ga mutum ɗari a lokaci ɗaya, kuma ya buɗe a wayar da ake kiran gida da ita.

Sai dai buɗaɗɗiyar ƙofa ba ita ce mallakar gida ba, kuma nan ne nake so ɗalibai su tsaya su yi tunani. Duniyoyin kwaikwayo suna mutuwa, kuma suna mutuwa da kayan mutane a cikinsu. Na ambaci Lively. Microsoft ya rufe AltspaceVR a watan Maris na 2023, wurin da mutane suka shekara suna taruwa, suna gina ɗakunan taro da na hira. Ita kanta Mozilla, wadda ta haifi WebGL, ta buɗe dandalin Hubs a 2018, wanda da adireshi kawai ake shigarsa, sannan ta rufe shi a ƙarshen watan Mayun 2024. Bambancin shi ne ta bar umarnin da aka gina shi da su a fili, wanda ke da hali ya ci gaba da kansa. Sketchfab, wanda aka kafa a Faransa a 2012 kuma gidajen tarihi da dama suka mayar da shi rumbunsu, kamfanin wasanni na Epic Games ya saye shi a 2021. Ba na cewa wani abu zai same shi. Ina cewa wanda ya zuba hatsinsa a rumbun maƙwabci, ran da maƙwabci ya sayar da gida sai ya nemi sabon mai gida da lalama. Abin da ke tsira shi ne fayil ɗin da ke hannunka, a tsarin da kowa ya san yadda ake karanta shi.

Ko fayil ɗin ma akwai rigimar wa ke da shi. Sassaƙen kan sarauniya Nefertiti yana wani gidan tarihi a Berlin, Masar kuma ta daɗe tana neman a mayar mata. Hukumar da ke kula da gidan ta sa an auna shi da na'ura daki-daki, amma ta ƙi sakin awon. Sai da wani mai fasaha Ba'amurke, Cosmo Wenman, ya kwashe shekara uku yana bin su da dokar 'yancin samun bayanai kafin ya samu, ya kuma sake shi ga duniya a 2019. Da aka duba ƙasan zanen sai aka ga sun sassaƙa masa tambarin haƙƙin mallaka. Abin da ya haura shekara dubu uku, an tafi da jikinsa, ana kuma neman riƙe inuwarsa.

Darajar irin wannan awo ba ta fitowa sai ranar da abin ya salwanta. A ranar 15 ga Afrilun 2019 gobara ta cinye rufin cocin Notre-Dame da ke Paris. Shekaru kafin haka wani malamin tarihin gine-gine mai suna Andrew Tallon ya bi ginin lungu-lungu da na'urar awo mai amfani da haske, ya tara ɗigo sama da biliyan ɗaya. Ya rasu a 2018, bai ga gobarar ba, amma awonsa yana cikin bayanan da aka koma wa wajen gyara, kuma an sake buɗe ginin a watan Disambar 2024. A nahiyarmu akwai masu irin wannan aiki. A Jami'ar Cape Town, Farfesa Heinz Rüther ya kafa wani shiri mai suna Zamani, kalmar da muka yi tarayya da Suwahili a kanta, kuma sun auna cocin dutse na Lalibela a Habasha, da kufan Kilwa a Tanzaniya, da masallatan ƙasa na Djenné da Timbuktu a Mali.

Mali ce ta fi kusa da halinmu, domin gininsu irin namu ne. Ginin dutse yana jiran gobara ko yaƙi kafin ya faɗi. Ginin ƙasa kuwa damina ɗaya da aka yi sakaci da yaɓe ta isa ta fara cinsa. Wanda ya san Badalar Kano shekara talatin da suka wuce ya san abin da ya rage a yau. Akwai hasumiyar Gobarau a Katsina, da masallacin Agadas wanda tsohon garinsa ya shiga jerin kayan tarihin duniya a 2013, da masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, wanda masana gine-gine na duniya ke zuwa kallon bakansa. Waɗannan ma sun yi suna, akwai masu sa musu ido. Waɗanda ke tafiya kullum ba a sani ba su ne zauruka da soraye na unguwanni, masu zanen dagi a goshi, da ake rushewa a kafa shaguna. A Jos akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya, wanda ya samo asali daga aikin wani masani ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, inda aka gina kwatankwacin masallacin Zariya da wani yanki na ganuwar Kano. In ka lura, wannan ma duniyar kwaikwayo ce, sai dai da ƙasa aka yi ta, kuma ruwan Jos ba ya raga mata.

Abin da ya sauya shi ne yanzu ba sai da na'urar Tallon ba. Idan ka zagaya gini ka ɗauki hotuna da yawa, kowane hoto yana haɗa wani yanki da na bayansa, akwai manhajoji, wasunsu kyauta kamar Meshroom, da ke gano ɗigon da ya bayyana a hotuna daban-daban, su lissafa inda yake a sarari, su fitar da alwatikan da yaɓensu. Ba zai kai ingancin na'urar haske ba, amma tazarar da ke tsakaninsa da babu ta fi tazarar da ke tsakaninsa da na Tallon. Kowace shekara ɗalibanmu na kimiyyar kwamfuta suna kawo mana aikin kammala digiri iri ɗaya, manhajar rajistar ɗalibai ko ta lissafin kantin magani, wanda daga ranar karewa ba mai sake buɗe shi. Da kowane sashe zai ware ko da ɗalibai biyar a shekara, ya haɗa su da na sashen zanen gine-gine da na tarihi, su auna gini ɗaya kowannensu, su adana a tsarin glTF a rumbun jami'a tare da kwafi ga masu gidan, da cikin shekara goma mun tara abin da babu wanda zai zo daga waje ya tara mana. Sharaɗina na farko ga duk wanda ya zaɓi wannan aiki shi ne izini. Zaure a al'adarmu iyakar baƙo ne. Zanen da ke kai kowa har tsakar gida, ya nuna masa ƙofar kowane ɗaki, ba abin da za a ɗora a intanet ba ne don kawai na'ura ta iya, balle a wannan zamani na rashin tsaro.

Sharaɗi na biyu shi ne nauyi. Tunda wayar mai kallo ce ke yin zanen, to ita ke biyan kuɗin: data wajen saukewa, batir da zafi wajen juyawa. Zanen da aka fitar daga hotuna yana iya zuwa da miliyoyin alwatika, ya cinye datar mutum kafin ya nuna masa ko ƙofa, kuma tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Akwai dabarun rage alwatika da matse fayil, kamar Draco da Google ya fitar a 2017, amma sai mai aikin ya damu da talaka kafin ya yi amfani da su. Ni dai ƙa'idata ita ce, ba na duba aikin ɗalibi a kwamfutarsa. Wayar da ta fi kowace araha a ajin nake karɓa, in ya buɗe a nan ya ci. Ina kuma jan kunnensu kan rawar kai da sabon abu: WebGPU, magajin WebGL da ya fara aiki a Chrome a 2023, ya fi ƙarfi, amma tsofaffin wayoyi da yawa ba su san shi ba. Akwai kuma wani abin da ba a cika faɗa ba. Kowace na'urar zane tana da ɗan bambanci a yadda take fitar da hoto, kuma masu talla suna amfani da wannan wajen gane wayarka ko da ka goge sawunka.

Kada kuma a ɗauka zane yana maye gurbin wuri. A ƙarshen 2021 hukumomin Saudiyya sun nuna Hajarul Aswad ta tabarau, ba a jima ba hukumar addini ta Turkiyya ta fito ta ce wannan ziyarar kallo ce, ba aikin Hajji ba. Haka abin yake ga gini. Bayan da masu ɗauke da makamai suka rusa hubbaren waliyyai a Timbuktu a 2012, waɗanda suka sake tayar da su zuwa 2015 maginan garin ne, da ilimin da suka gada na kwaɓa ƙasa da ɗora itace. Zane zai gaya maka kaurin bango, amma ba zai gaya maka kwana nawa ake barin ƙasa ta ruɓa kafin a yi tubali ba, ba kuma zai ba ka sanyin da ke dukan fuska in ka shigo zaure daga ranar bazara ba. Wanda zai auna gini, ya kamata ya zauna da magini ya naɗi bayaninsa, in ya samu wanda ya rage.

Zauren kakana bai kai yau ba. Bayan rasuwar mai shi, wata damina ta tsaga bangon gabas, dangi suka zauna suka ga gyara ya fi ƙarfin aljihu, aka rushe shi aka yi shaguna uku na bulo. Ba ni da hotonsa ko ɗaya, domin a lokacin ba wanda ya ga dalilin ɗaukar hoton zaure. A bara ina kwashe tsofaffin takardu sai na ci karo da faifan CD da na ajiye aikin 2004 a ciki. Sai da na yi yawo kafin na samu kwamfutar da ke da wurin sa faifai. Manhajar da na sha wahalar nema a shagon intanet ta daɗe da mutuwa, amma fayil ɗin rubutu ne zalla a tsarin da aka wallafa wa kowa, har ana iya karanta lambobin da ido, kuma Three.js yana da sashen da ke fahimtar VRML. Tsakanin magariba da ƙarfe goma na dare zauren ya tsaya a cikin burauza. Bangonsa sumul ne fiye da kima, launinsa ɗaya kamar an shafa masa koko, amma bakan yana nan, azara tana nan yadda na ƙirga ta.

Na tura adireshin zuwa zauren WhatsApp na dangi na kwanta. Da asuba, bayan an fito masallaci, sai ga kiran Baffana, wanda ya haura shekara tamanin, jikarsa ce ta buɗe masa a wayarta. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Kai, ina alkukin da Malam ke ajiye fitila?" Na ce, "Baffa, ban tuna da wani alkuki ba." Ya ce, "Yana nan hannun dama in ka shiga, daidai kafaɗar mutum, samansa duk baƙin hayaƙi. Ɗauko biro in gaya maka faɗinsa." Na ɗauko.